Masu Gadin Rana: Yadda Ake Hango Hadarin Samaniya

(An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa a zauren taro. Mai jawabin malamin kimiyyar sararin samaniya ne. An cire dogayen gaishe-gaishe da wuraren da murya ba ta fita sosai ba.)

Assalamu alaikum. Shugaban taro, ranka ya daɗe, malamaina, iyayenmu mata da ke can baya, ɗalibai, barkanku da yamma.

Waɗanda suka zo da wuri sun same mu a bakin ƙofa da ƙaramin madubin hangen nesa da farar takarda. Ba mu leƙa ta cikinsa ba, kuma ina roƙonku kada wanda ya gwada, don ido ba a sayar da shi a kasuwa. Juya shi muka yi ya fuskanci rana, hasken ya fito ta baya ya sauka kan takarda, sai ga rana ta fito kamar farin faifai, da ɗan ɗigo-ɗigo baƙi a jikinta. Wani yaro ya sa yatsa zai goge, ya zaci kashin ƙuda ne. (Dariya.) To ɗigon nan da ya so gogewa, da za a ɗauki duniyarmu a jefa a ciki, da ta shige.

Tabon rana ake ce masa. Fuskar rana zafinta ya kai digiri 5,500, shi kuwa tsakiyar tabon bai kai 4,000 ba, shi ya sa yake duhu a ido. A 1908 wani masani a Amurka, George Hale, ya gano cewa maganaɗisu ne mai tsananin ƙarfi ya taru a wurin, ya hana zafin ciki ɓullowa. Me ya tara shi? Rana ba dunƙulallen dutse ba ce, iska ce mai wuta, don haka ba ta juyawa gaba ɗaya. Ƙugunta na zagayowa cikin kwana 25, samanta da ƙasanta sai sun yi kusan kwana 35. Wanda ya taɓa ganin mai tufka igiya ya san abin da zai biyo baya. In ka yi ta murza zare, gefe ɗaya na riga ɗaya, zai ƙanƙance, ya yi ƙulli, ya tsiro waje, wata rana ya tsinke. Tabo shi ne inda ƙullin ya ɓullo. Tsinkewar kuma ita ta tara mu yau.

Abin yana da lokacinsa, kamar damina da rani. Wani mai harhaɗa magani a garin Dessau na Jamus, Heinrich Schwabe, ya fara duban rana a 1826, yana neman wata duniya da ake zaton tana kusa da ita. Bai same ta ba, don babu ita. Amma shekara 17 yana ƙirga tabo duk ranar da gari ya yi sarari, a 1843 ya sanar cewa yawansu na hawa da sauka kusan duk shekara 10. Daga baya Rudolf Wolf na Zurik ya daidaita lissafin ya koma kusan 11, kuma daga 1755 ake ƙirga zagaye na 1. Zagaye na 25 ya fara a Disamban 2019.

Idan igiyar ta tsinke, manzanni uku rana ke aiko mana, kowa da saurinsa. Na farko walƙiya ce, haske mai ƙarfi har da irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Tsakaninmu da rana kilomita miliyan 150 ne, haske na cinye shi cikin minti 8 da daƙiƙa 20. Wannan babu gargaɗi a kansa, don ganinsa shi ne isowarsa. Na biyu ɓurɓushi ne masu gudun tsiya, suna isowa cikin rabin awa ko 'yan awoyi, su ne abin tsoro ga 'yan sama jannati da jiragen da ke bi ta ƙuryar arewacin duniya. Na uku shi ne babban yaya. Rana takan yi amai, ta watso gajimare na iska mai caji, nauyinsa ya kai tan biliyan, da nasa maganaɗisun a naɗe a ciki. Shi nake kira hadari. Yakan yi kwana 1 zuwa 3 a hanya.

Manzo na farko da yawanku kun san shi, suna ne kawai ba ku sani ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mayen rediyo ne. Ya san da rana mita 16 ko 19 ake kamawa, in dare ya yi a koma 41 ko 49. Wata rana yana cikin sauraro da azahar sai murya ta ɗauke ɗif, ko shuu ɗin nan babu. Ya murɗa hagu, ya murɗa dama, ya cire batir ya lasa, ya mayar, ya ɗan mari akwatin, ƙarshe ya ce mu ne muka taɓa. Kafin a gama shari'a murya ta dawo da kanta. Sai da na girma na gane mai laifi, ina kyautata zaton ba mu ba ne. (Dariya.) Muryar gajeren zango ba miƙe take zuwa daga nesa ba. Sama take yi, ta bugi wani rufi na iska mai caji da ake kira ayonosfiya, ta dawo ƙasa. Idan walƙiyar rana ta sauka, sai ƙasan rufin nan, wajen kilomita 60 zuwa 90, ya yi kauri ya shanye muryar. Duk gefen duniya da rana ke haskawa a lokacin abin zai shafa, na minti kaɗan ko awa guda ko fiye. Mu labarai muka rasa. Matuƙin jirgin da ke ratsa Sahara ko teku, wanda da gajeren zango yake magana da ƙasa, nasa ya fi namu.

Hadarin da har gobe ake auna sauran da shi ya zo ne a 1859. Ranar 1 ga Satumba, da hantsi, wani Bature mai suna Richard Carrington yana gidansa a Redhill, kudu da Landan, yana yin irin abin da muka yi a bakin ƙofa, yana zana tabon rana. Sai ya ga wurare biyu sun yi fari fat a cikin tabon. Ya fita da gudu neman shaida, kafin ya dawo abin ya fara dushewa, duka-duka minti 5 ya yi. Bayan kusan awa 18 hadari ya iso. Sama ta yi ja har a Kyuba da Hawai. Ma'aikatan wayar tangarahu wuta ta ja su, wasu takardunsu suka kama. Tsakanin Boston da Fotland a Amurka ma'aikata suka cire batir gaba ɗaya, suka yi kusan awa 2 suna aika saƙo da wutar da sama ta zuba a cikin waya.

Dalilin ba shi da wuyar fahimta. Duniya babban maganaɗisu ce, shi ya sa allurar kamfas ke nuna arewa har mu gane alƙibla. Idan hadari ya girgiza wannan maganaɗisu, duk wani dogon ƙarfe da ke shimfiɗe a doron ƙasa, wayar lantarki ko bututun mai ko layin dogo, wuta za ta bi ta cikinsa. A 1859 wayar tangarahu kaɗai ce a shimfiɗe. Ranar 13 ga Maris 1989, ƙarfe 2:44 na dare, irin wannan wuta ta shiga manyan taransfoma na lardin Kwibek a Kanada. Cikin kusan daƙiƙa 90 komai ya faɗi, mutum miliyan 6 suka yi awa 9 babu wuta. Na ga wasu na murmushi. Na sani, awa 9 a wurinmu ba labari ba ne. (Dariya.) Amma ku tuna can ƙanƙara ce a waje, kuma da lantarki suke ɗuma ɗaki. A ƙarshen Oktoban 2003 ma an yi wani, ya kashe wuta a Malmo ta Suwidin, kuma ya lalata manyan taransfoma a Afirka ta Kudu, ƙasar da a da ake ganin ta yi nisa da irin wannan.

To wa ke gadi? Cibiyar da aka fi sauraro tana Boulder a jihar Kolorado, ƙarƙashin hukumar NOAA ta Amurka. Ingila na da tata a Exeter tun 2014. Ba dare ba rana akwai mutum a gaban allo. Taurarin ɗan'adam na GOES, da ke tsaye kilomita kusan 36,000 a sama, suna auna walƙiya, ana ba ta harafi: A, B, C, M, X, kowane harafi ya ninka wanda ya gabace shi sau 10. Ta ranar 4 ga Nuwamban 2003 sai da ta fi ƙarfin ma'aunin, aka ƙiyasta ta X28, wasu suka ce ta wuce haka.

Ganin hadarin kansa shi ne aiki, don hasken rana ya danne shi. Mutanen Gusau da Katsina da suka ga husufin ranar 29 ga Maris 2006 za su tuna, da wata ya rufe rana ruf, wani farin gashi ya bayyana a kewayenta. Ta cikin wannan gashin hadari ke fita. Hausawa na cewa tafin hannu ba ya rufe rana, amma wani Bafaranshe, Bernard Lyot, wajen 1930 ya ƙera na'ura mai ɗan faifai a ciki da ke yin hakan, husufi na haɗi, duk lokacin da ka so. Akwai irinta a kumbon SOHO da Turai da Amurka suka harba a Disamban 1995. A hotonsa, in ka ga hadari ya fita ta gefe ɗaya, ba namu ba ne. In ka ga ya buɗe kamar zobe ta ko'ina, to ko dai mu ya nufo, ko ya ba mu baya, sai a duba fuskar rana a tantance. Daga nan a auna saurinsa da faɗinsa, a zuba a kwamfuta, ta lissafa ranar isowa. Kuskuren awa 10 gaba ko baya abu ne da aka saba da shi.

Nan ne nake so ku ba ni hankalinku, don nan gizo ke saƙar. Manomi in ya ga hadari ya haɗo daga gabas, ya san yana tafe. Ko ruwa zai sauke ko iska ce kawai za ta tashi ta watse, wannan sai ya iso. Masu gadin rana a nan suke. Maganaɗisun duniya, a gefen da ke fuskantar rana, arewa yake kallo. In hadari ya iso nasa maganaɗisun shi ma yana kallon arewa, sai su ture juna, ya zame ta gefe ya wuce, kome girmansa ɓarnar kaɗan ce. In kuwa kudu yake kallo, sai su sarƙe, ƙofa ta buɗe, ƙarfinsa ya kwararo ciki. Kuma daga hoto babu mai iya faɗa maka da tabbaci ina ya fuskanta. Sai an taɓa shi.

Ina ake taɓa shi? Akwai wani wuri tsakaninmu da rana, kilomita miliyan 1.5 daga nan, ana ce masa L1, inda kumbo zai iya zama yana bin duniya a zagayenta ba tare da shan mai da yawa ba. Can aka ajiye 'yan gadi irin su ACE na 1997 da DSCOVR na 2015, Indiya ma ta kai nata, Aditya-L1, a Janairun 2024. Ɗalibai, ku ɗauko biro. Iskar rana ta yau da kullum tana cin kilomita 400 a daƙiƙa. Raba miliyan 1.5 da 400. Nawa? Daƙiƙa 3,750, awa guda da ɗan kai. To hadari mai gudun kilomita 2,000 a daƙiƙa fa? Daƙiƙa 750. Minti 12 da rabi. Kun ga matsalar? Wanda ya fi haɗari shi ya fi ba da gajeren wa'adi. Kwana biyu kana kallon baƙo yana tahowa, amma sai ya zo bakin zaure za ka san ko da sanda ya zo ko da goro.

Duk da haka kwana biyun nan ba banza ba ne, kuma Mayun 2024 ya nuna haka. Wani tarin tabo mai lamba 3664, faɗinsa ya ninka na duniya fiye da sau 15, ya yi ta amai ranar Laraba 8 ga wata da washegari. Kun san Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, ashe har da wadda ba za ta yi kyau ba. Ranar Alhamis Boulder ta fitar da sanarwar shiri ta mataki na 4 a ma'aunin ƙarfin hadari, irin wadda rabonta da fitarwa tun 2005. Juma'a 10 ga wata hadari ya iso, ya fuskanci kudu, ya haura mataki na 5, wanda shi ne ƙarshen ma'auni, karon farko tun 2003. An ga jan haske a sama har a Meziko da Namibiya. Kamfanonin lantarki sun riga sun shirya, a Niyu Zilan har cire wasu layuka aka yi da gangan, jirage suka sauya hanya, babu ƙasar da ta faɗa duhu irin na Kwibek. Waɗanda suka ji jiki manoman Amurka ne. Lokacin shuka ne, taraktocinsu kuma da GPS suke bin kunya, sai suka ga layi na karkacewa, dole wasu suka kashe inji suka jira.

Kada kuma ku ɗauka sai babban hadari ke ɓarna. Ranar 3 ga Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin Starlink 49, ya sake su ƙasa-ƙasa, wajen kilomita 210. Ɗan ƙaramin hadari ne, mataki na 1, amma ya ɗuma iskar sama ta kumbura, ta riƙe su kamar mai gudu a cikin ruwa, 38 suka faɗo suka ƙone. Na 23 ga Yulin 2012 kuwa, wanda masana ke kwatanta shi da na Carrington, kuskure mu ya yi, ya bugi kumbon STEREO-A da ke can gefe.

Hasashen nesa ya fi rauni. A 2019 kwamitin masana ya ce zagaye na 25 zai yi laushi, ƙidayar tabo za ta tsaya wajen 115, ƙololuwa a Yulin 2025. Rana ta yi nata. Ƙidayar ta kai wajen 160, kuma tun Oktoban 2024 NASA da NOAA suka sanar an shiga ƙololuwa. Ni ban ga abin kunya a nan ba. Sun rubuta lamba, sun sa hannu, kowa ya ga inda suka kuskure, wanda zai zo ya gyara. Wannan shi ya raba hasashe da duba. Wani malami ya taɓa tare ni a kan wannan, ya ce kuna shiga gaibu. Na ce Allah gafarta Malam, wanda ya hango ƙura a hanyar gari ya ce mahayi na tafe, gaibu ya faɗa? Abin da aka riga aka gani ya taso ake lissafa wa.

Ana ta ƙoƙarin ƙara tsawon wa'adin. Rabin rana a ɓoye yake gare mu, tabo zai iya girma a baya ya juyo mana da shirinsa. Turai na shirya kumbo mai suna Vigil da za a ajiye a gefe, ya riƙa hango abin da ke juyowa, ya kuma ga hadari ta haƙarƙari. Kumbon Parker kuma, ranar 24 ga Disamban 2024, ya matsa har kilomita miliyan 6.1 daga fuskar rana, ba a taɓa kusantarta haka ba.

Saura namu. Wani zai ce wannan ciwon mutanen ƙasashen sanyi ne. Wajen wutar lantarki sun fi mu shiga haɗari, gaskiya ne. Amma mu ma muna da namu. Layin da ya raba maganaɗisun duniya biyu bai bi ta ikwaita ba, wato layin tsakiyar duniya na taswira, a nahiyarmu, ya hauro arewa wajen digiri 10, ya ratsa arewacin Ghana da Najeriya ya nufi Habasha. A saman layin nan, kilomita 100 da 'yan kai, akwai kogin lantarki da ke kwarara gabas kullum da rana. Ɗan Najeriya, Farfesa Cyril Onwumechili, tun yana Ibadan ya yi suna a duniya kan bincikensa. Bayan faɗuwar rana kuma rufin nan na ayonosfiya a yankinmu yakan yi kumfa, manyan ramuka su taso daga ƙasansa, musamman wajen Maris da Satumba a shekarun da tabo ya yi yawa. Saƙon GPS daga kilomita 20,000 yake saukowa, in ya ratsa kumfar sai ya riƙa rawa kamar fitilar da ka hango ta cikin hayaƙi. Ku tambayi masu awon fili, da yawansu sun san bayan magariba na'ura takan yi gardama. Wannan ko babu hadari yana faruwa, hadari kuma yakan ƙara shi ko ya danne shi, gwargwadon lokacin da ya iso.

Abin da ke damuna, wurin da abin ya fi rikitarwa shi ya fi ƙarancin na'urorin awo. Afirka ta Kudu ta buɗe cibiya mai aiki dare da rana a Hermanus a Nuwamban 2022. A Najeriya akwai cibiyar binciken sararin sama ta hukumar NASRDA a Anyigba, jihar Kogi. Amma daga Dakar zuwa Jibuti tashoshin ba su taka kara sun karya ba in ka kwatanta da Turai, kuma kwamfutar da aka koya wa saman Jamus ba za ta san halin saman Zariya ba. Na'urar auna maganaɗisu da mai karɓar saƙon GPS ba su fi ƙarfin jami'a ba. Abin da ya fi wuya shi ne wutar da ba ta yankewa, da mutumin da zai yi shekara 11 yana kula da su. Schwabe 17 ya yi, kuma mai sayar da magani ne.

Shugaba yana nuna mini agogo. Tambaya ɗaya, in an yarda. Baba, bismilla.

(Wani dattijo ya tambaya ko wannan hadari ne ke kawo tsananin zafin bazara, kuma ko gaskiya ne saƙon da ake turawa cewa a kashe waya da dare saboda wani haske daga sama.)

Allah ya ƙara girma, Baba. Zafin bazara daban. Daga shekarar da tabo ya yi ƙaranci zuwa wadda ya fi yawa, hasken da rana ke ba mu kashi 1 cikin 1,000 kawai yake canzawa, jiki ba zai ji ba. Zafin Afrilu na rana ce da ta zo tsakar ka, ga ƙasa a bushe, ga babu gajimare. Saƙon kashe waya kuwa ƙarya ce, ta daɗe tana yawo. Iskar da ke samanmu ta tare ɓurɓushin nan, ba ya isowa ɗakinka, balle ya shiga ta wayarka. Ka kwana da ita a kunne in ka so, sai dai Hajiya ta hana. (Dariya.) Amma na ga rediyo a hannunka. In ta ɗauke maka ɗif da rana tsaka a gajeren zango, FM kuma na yi lafiya lau, ka duba agogo ka rubuta lokacin, ka ba jikanka ya duba shafin Boulder ko an yi walƙiya. Kafin nan dai kada a daki yara.

To, ga kiran salla can. Na gode.